Ƙusa ta Ɗaya

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Shekarar da aka juya tuƙin mota daga hagu zuwa dama, ran Lahadin Ista, na hau akori-kura daga Kafanchan zuwa ƙauyenmu a ƙasar Zangon Kataf. Direba yana ta salati, hannunsa na jan shi hagu, mu fasinja muna ihu, "Dama! Dama!" A ranar babana ya zaro takobi daga cikin jinkar ɗakinsa ya miƙa mini, ya ce ƙarfin riƙe shi ya ƙare masa. Shekara hamsin da uku ke nan.

Sunana Zamani. A unguwa Sarkin Tsatsa ake ce mini, ba na jin haushi. Shekara talatin na yi a loko, garejin jirgin ƙasa, ina kankare ƙarfen reluwe, a can guduma ta cinye mini kunnen hagu. Ban yi makaranta ba. Wata uku na zauna a ajin yaƙi da jahilci na coci, sauran baƙaƙen a littafin waƙoƙi na tsince su. Wanda ya ga kuskure ya gyara da bakinsa.

Littafin nan Afiniki ce ta ba ni, matar ɗana Azariya. Mai unguwa ya zagaya jiya, ya ce tunda abin nan ya faru, hukuma ta ce duk mai makami a gida ya rubuta a takarda ya miƙa kafin Asabar sha shida ga wata. Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa ba makamai ba ne, tarihi ne." Ya ce, "Baba Zamani, soja ba ya karanta tarihi. Baki yake dubawa."

Ƙusa goma sha huɗu ne a bangon ɗakina, kowace da abin da ke rataye a kanta. Duka ƙirar Turawa ne, tsofaffi, sun girme ni. Bari in fara.

Ta ɗaya. Zan rubuta ta daga baya.

Ta biyu. Banati, wato wuƙar bakin bindiga, mai haƙora a baya kamar zarto. Na Jamus ne, daga yaƙin Kamaru. A hannun wani maƙeri na ƙwace shi a Kagoro, ya riga ya sa shi a wuta zai mai da shi lauje.

Ta uku. Hular kwano ta kawuna Dickson, wadda ya dawo da ita daga yaƙin Boma. Bayan rasuwarsa matarsa ta yi shekara ashirin tana ba kaji ruwa a ciki. Da na je roƙo ta ce sai in kawo wa kajin wani kwano tukun.

Hannuna ya gaji. An hana fita, lokaci ba ya ƙarewa. Gobe.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Ruwa tun safe. Damina ita ce babbar abokiyar gabar ƙarfe. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya na shafa musu man kaɗe da tsumma, kamar yadda nake yi kowace Talata. Ba a goga musu yashi. Ba a goga musu toka. Ba a kai su kusa da dutsen washi. Tsohon ƙarfe labarinsa a fatarsa yake, in ka kankare fatar ka kankare bakinsa.

Ta huɗu. Takobin hafsan Faransa, lanƙwasasshe, da kwandon tagulla mai kare hannu.

Ta biyar. Guntun sulke, faɗin tafin hannu biyu. Kowane zobe da 'yar ƙusarsa da ta ɗinke shi. Na taɓa ƙirga zobban har dubu ɗaya da wani abu, sai aka kira ni cin tuwo.

Ta shida. Kunamar tsohuwar bindiga, da tambarin kambi a jiki. Ba bututu, ba ƙota. Ko ƙadangare ba za ta tsorata ba.

Afiniki ta kawo tuwo ta ajiye ta fita. Kwana biyar ke nan daga "Baba ina kwana" sai "Baba ga abinci". Da can surutunta ke tashe ni. Ita Bajju ce, mu Atyap, yarenmu ba ɗaya ba, da Hausa muke magana tun ranar da aka kawo ta.

Ta zuba na Azariya a langa ta rufe, ta ɗora a kan tebur. Azariya ya yi tafiya ran Alhamis.

Laraba, 6 ga Agusta, tsakar rana

An yi ruwa. Waya ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Mako ɗaya.

Na ce zan rubuta ta ɗaya. To bari in rubuta takardarta.

Shekarar da aka kashe wutar injin gawayi na ƙarshe a loko, wata Baturiya ta zo garin nan, sunanta Mildred. Tsofaffin takubba take bi gari gari. Aka ce mata akwai wani mahaukaci a reluwe mai tara tsatsa. Kwana uku tana zuwa gidana, tana gwaji da igiya, tana dubawa da gilashi. Sauran kayan ta gyaɗa musu kai. Da ta zo kan na babana sai ta zauna a ƙasa.

A jikin ruwan takobin, kamu ɗaya daga mariƙi, akwai zanen wata dabba tana gudu. Ƙarama ce, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Mildred ta ce a wani gari na Jamus aka ƙera shi, inda kogi ke juya musu dutsen niƙa, ya fi shekara ɗari uku. Ya hau jirgin ruwa, ya hau raƙumi, ya ƙetare hamada, a ƙasar Hausa aka yi masa mariƙi. Ni kuma na ba ta sauran. Kakan babana ne ya same shi a gindin dutse, zamanin da mahaya ke zuwa kamun mutane. Doki ya yi tuntuɓe, mai dokin ya gudu da ƙafa. Tun ranar takobin bai sake cin kowa ba. Cikin jinka ya zauna, daga hannu zuwa hannu.

Ta so in bari a kai shi gidan tarihi. Na ce gidana ma gida ne, ni ma tarihi ne. Ta yi dariya har da hawaye. Sai ta ɗora farar takarda a kan dabbar, ta goga fensir a hankali, dabbar ta fito fara a cikin baƙi. Biyu ta yi, ta bar mini ɗaya. Tana cikin Littafi Mai Tsarki na, a Zabura. Abin da ta faɗa a bakin ƙofa shi ne, kada in bari kowa ya wasa shi.

Azariya yana da shekara biyar lokacin. Shi ya riƙe mata igiyar gwaji. Daga nan ya ƙwallafa rai. In na tafi aiki sai ya hau kujera ya sauke shi, ya hau dokin kara yana zagaya tsakar gida, takobin na jan ƙasa. Na doke shi har na gaji. Uwarsa, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Bar shi ya yi wasansa, ai bakin ya dakushe, ko ayaba ba zai yanka ba." Ko da ya girma ya yi aure, in ya dawo daga gonar citta wani lokaci yakan sauke shi ya jujjuya a hannu, yana dariya.

Ban rubuta ta ɗaya ba. Takarda na rubuta.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya

Waya ta yi ƙara, na kusa faɗuwa garin ɗauka. Malam Badruddeen ne.

Baduku ne, rumfarsa na bayan 'yan fata a babbar kasuwa, iyayensa a garin nan aka haife su. Shi ya ɗinka wa takobin babana sabon kube na jar fata, shekara arba'in da suka wuce. Tun ranar muke musu a kan dabbar nan. Mildred ta ce wata dabbar dajinsu ce, 'yar'uwar kare. Na ce ɗan'uwan kare ai kare ne. Badruddeen ya ce zaki ne, Baturiya ba ta san zaki ba. Wane Musulmi zai rataya kare a kafaɗa ya tsaya sallah?

Ya ce, "Sarkin Tsatsa, kana nan, ko tsatsar ta gama da kai?"

Na ce, "Ina nan, Sarkin Wari. Ka yi wanka yau, ko har yanzu ƙudaje ne ke raka ka masallaci?"

Ya yi dariya, amma gajeriya. Na tambaye shi rumfa. Ya ce babu rumfa. Basilla ɗaya ya tsinta a cikin toka, ita ma ta lanƙwashe. Na ce Allah ya mayar. Ya ce amin. Ya ce mutum biyu na unguwarsu da suka tafi ƙauye sayen fata ba a gan su ba har yau. Na ce Allah ya bayyana su. Ina jin numfashinsa a waya.

Tsakanina da shi layin dogo ne kawai, tafiyar minti goma. Yanzu ba mai ƙetarawa.

Sai ya ce, "Yaya zakina?"

Na ce, "Karen yana kan ƙusarsa."

Ya ce, "Ka gaishe da Azariya. Ka ce masa takalminsa da ya kawo gyara ya tafi tare da rumfa."

Na ce zai ji.

Shekara arba'in ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba, sai a kan warin jikinsa.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Na zagaya bayan gida in duba kabewa. Tun ran Alhamis ɗin nan ban bi ta wurin ba.

Dutsen washi yana gindin mangwaro, wanda Azariya ke gyara adda da fartanya a kai. Ruwa ya wanke samansa, amma a gefen da rufin kwano ya kare akwai busasshen laka mai toka-toka. Na sa yatsa. Na san garin adda, baƙi ne mai kaushi. Wannan laushi gare shi, kuma da yawa. Mutum ya daɗe a wurin.

Na koma ɗaki. Ban duba kabewar ba.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Ba a yi sujada a coci ba. Fasto ya bi gida gida da rakiyar soja ɗaya, ya yi addu'a a tsaye. Shi ya kawo labari.

Zipora tana raye.

'Yata ce, ƙanwar Azariya, tana aure a ƙauyen da aka kai wa hari, wanda labarinsa ya iso mana ran Laraba, jajibirin tafiyar Azariya. An ce mana ba wanda ya fita. Ashe cikin masara ta kwanta da 'ya'yanta biyu, daga nan suka bi rafi kwana uku. Suna wata firamare da aka tara mutane, a hanyar Gidan Waya. Wayarta ta faɗa ruwa.

Fasto ya kira mai kula da wurin ya sa mini wayar a kunnen dama. Na ji muryarta. Na ce Ubangiji ya yi abin al'ajabi. Ta yi kuka, na yi. Sai ta ce, "Baba, ba Yaya Azariya wayar, ya zo ya ɗauke mu da mashin."

Na ce ya fita.

Afiniki tana tsaye a bakin kicin, ta ji duka. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mun gode Yesu." Daga nan ta zauna a kan turmi, ta ce, ba da ni take ba, "Ashe a banza ne."

Litinin, 11 ga Agusta, bayan abincin rana

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Ta kawo fate, na ce, "Afiniki, zauna. Ni ba bango ba ne. Me na yi miki?"

Ta ce, "Baba ba ka sani ba?"

Na ce da na sani da ban tambaya ba.

Ta ce, "Ran Alhamis na zo na same ka a kujeran nan. Na faɗa maka abin da yana yi a bayan gida. Na zo ne ka tashi ka hana shi. Ni ba ya jin magana na, naka yana ji. Me ka ce mini?"

Na ce, "Kin ce yana wasa da takobi. Na ce a bar shi."

Ta ce, "Ban ce *da* ba."

Na ce, "Me?"

Ta zagayo ta ɓangaren kunnena na dama, ta durƙusa, ta faɗa ɗaya ɗaya kamar mai koya wa yaro. "Na ce, Baba, Azariya yana wasa takobinka. A dutse. Yana wasa shi. Ka ce, bar shi, tun yana yaro yake yi, nasa ne ai."

Na ce na ɗauka wasa yake. Jujjuyawar nan da ya saba. Na ɗauka baƙin cikin ƙanwarsa ne ya sa ya riƙe abin kakanninsa don zuciya ta huce. Ina kwance, kaina na ciwo, kunnen hagu ne a sama.

Ta ce, "Na koma na same shi. Ya ce Baba ya ce me? Da ka ga fuskan shi, Baba, jira yake a hana shi. Ya tsaya da hannu a kan dutse. Na ce, Baba ya ce naka ne." Ta goge hanci da bakin zane. "Ya ce to. Ya gama, ya sa a kube, ya zo bakin ƙofan ka ya ce Baba na tafi. Ka ce Allah ya kiyaye."

Na faɗi haka. Na ɗauka gona za shi.

Ta ce, "Kwana sha ɗaya ina tunani kai ka aike shi."

Na ce, "Kwana sha ɗaya ina tunani sata ya yi mini."

Faten ya huce a wurin. Ba wanda ya tashi.

Talata, 12 ga Agusta, da hantsi

Yana wasa takobi. Yana wasa da takobi.

Na faɗe su da ƙarfi a ɗaki har sau ashirin. Bahaushe yana ɗaga murya a ɗaya ya sauke a ɗaya, na sha jin Badruddeen. Mu bakinmu ya saba da hawa da gangarar yarenmu, duka biyun hanya ɗaya suke bi. Abin da ya rage tsakaninsu *da* ne kawai. Baƙi biyu. A yaren Atyap kalmomin nan ko kama ba su yi ba. A nata yaren ma haka, na tambaye ta.

Shekara hamsin da uku ina gadin takobin nan daga yashi, daga toka, daga maƙera.

Yau Talata. Ban shafa musu mai ba.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe uku

Mai unguwa ya zo karɓar takarda. Na ce ban gama ba. Ya shiga ɗaki ya tsaya gaban bango yana ƙirga da ido. Ba wanda bai san takobin nan ba a unguwa, kowace Kirsimeti yara na zuwa kallon karen.

Ya ce, "Baba, sha uku na gani."

Na ce idonsa lafiya lau.

Ya rage murya. "Rubuta sha uku, in sa hannu. Ba wanda zai tambaya. In ka rubuta sha huɗu za a ce ina ɗayan, wa ya fita da shi. Ka san abin da za a kira yaron nan in ya dawo."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa cewa banatin Jamus na Ingila ba ne don baƙo ya ji daɗi. Sha huɗu ne. Ba sa fita gidan nan sha uku."

Ya ce, "Taurin kan nan naka, Baba."

Na ce shi ne abin da tsatsa ba ta ci ba.

Ya ce Asabar da hantsi motar soja za ta tsaya a ƙofar gidansa, ya tafi. Gaskiya ba don tarihi na ƙi ba. In na rubuta sha uku, kamar na zare ƙusar ne daga bango.

Ta bakwai har ta sha huɗu na rubuta su a bayan littafin nan. Ba su da wuya.

Alhamis, 14 ga Agusta, da yamma

Mako biyu. Afiniki ba ta zuba a langa ba. Na tashi na zuba da kaina. Ta gani, ba ta hana ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

An sassauta doka daga takwas zuwa biyu. Wajen ƙarfe goma na ji unguwa ta yi tsit, irin shirun da kaji ke yi in shaho ya gitta. Na leƙa. Badruddeen ne ke tahowa a tsakiyar layi, da farar hula, da sandarsa, da tabarma a naɗe a hammata. Shi kaɗai. Samari na zaune a gindin katanga suna bin sa da ido. Na fita ba takalmi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Sarkin Wari, tun daga layin dogo na jiyo ka!" Wani ya yi dariya. Na kama hannunsa muka shige.

Bai rama ba. Ya gaida Afiniki, ya ce, "'Yata, ba ni ruwa." Da ta tafi ya shimfiɗa tabarmar a ƙasa.

Jar fatar kuben ta yi baƙi, ta kumbura. Amma ɗinkin nasa ne, biyu-biyu da tsallake ɗaya, ba mai yin sa a garin nan sai shi.

Ya ce jiya mutanensu suka bi sojoji zuwa bakin rafin da ke ƙasa da ƙauyen su Zipora, ɗauko nasu biyun nan. Suka tarar da na uku a gindin ɗorawa, ba nasu ba. Ba a iya ɗaga shi. Liman ya ce ɗan Adam ne, a rufe shi. Suka rufe, suka jera duwatsu. Wannan na rataye a kafaɗarsa, wani ya gane ɗinkin ya kawo wa mai shi.

Na ce mutane da yawa na iya ɗaukar takobin wani.

Ya ce haka ne. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye makullin mashin a kan tabarma, da jar igiyar da Afiniki ta kitsa.

Ya ce, "A cikin kube yake, Zamani. Da ƙyar na zare shi."

Na ce fata in ta sha ruwan mako biyu, ko an zare an mayar za ta kama. Kada ya lallashe ni, ni ba yaro ba ne. Na ce ya ba ni.

Na zare. Azariya manomi ne, washin adda ya yi masa, a kwance, da dukan ƙarfinsa. Wurin dabbar fari fat, sai jan tsatsa sabuwa. Ba kai, ba ƙafa, ba wutsiya. Shekara ɗari uku.

Na bi bakin da babban yatsa, a hankali, daga mariƙi har tsini. Duk wanda ya yi aikin ƙarfe ya sani, sabon washi yana barin wani ɗan gashi a baki, siriri, ido ba ya gani sai yatsa. Sara ɗaya ke ɗauke shi, ko a jikin kara ne. Na bi sau uku. Gashin yana nan, tun daga sama har ƙasa.

Na ce, "Bai sari kowa ba."

Badruddeen ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya sunkuyar da kai. Na san su wa yake tunani, su biyun nan nasu. Ashe shi ma da tambayarsa ya ƙetaro layin dogo, kuma yatsana ya fi yarda da shi a kan nasa.

Na ba shi labarin wasa da wasa. Sai ya ce, "Da washi ta ce." Na ce ba mu saba da ita ba. Ya ce, "Na sani. Ba laifinta. Ba naka ba." Na ce wannan kuma ni da Ubangiji ne.

Na ɗauko takardar Mildred daga Zabura na ajiye kusa da farin wurin. Ya ɗauka, ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya juya ta wajen haske, kamar bai yi shekara arba'in yana ganinta ba.

Ya ce, "Kare ne, Zamani. Dubi wutsiyar. Kare ne tun farko."

Har lokacin ban yi kuka ba.

Afiniki tana bakin ƙofa da kofin ruwa. Ban san tun yaushe ba. Idonta na kan jar igiyar. Ta shigo, ta durƙusa ta ba baƙo ruwansa da hannu biyu tukun, sannan ta ɗauki makullin.

Na raka shi har layin dogo, don ya sami Juma'a. Na ba shi takardar. Ya ce me zai yi da kare a gidansa. Na ce ya ce wa mutane zaki ne.

Juma'a ɗin dai, kafin faɗuwar rana

Ta ɗaya. Takobi miƙaƙƙe, ruwansa ƙirar Jamus, mariƙinsa ƙirar Hausa, kubensa ɗinkin Malam Badruddeen. Daga kakan babana zuwa kakana, zuwa babana, zuwa ni, zuwa Azariya. Da akwai kare a jiki. An wasa shi ran Alhamis talatin da ɗaya ga Yuli, da izinina. Bai ci kowa ba.

Sha huɗu sun cika.

Gobe da an buɗe hanya zan naɗe su a tabarmar Badruddeen in kai ƙofar mai unguwa, in tsaya sai an karanta takardar a gabana, har layin ƙarshe. Daga nan Fasto zai zo da mota. Badruddeen zai jira mu a layin dogo da mutumin da ya san ɗorawar. Za mu bi ta firamare mu ɗauki Zipora, ni zan faɗa mata, da yarenmu. Zan ɗauki farin zanen uwarsa, da fartanyarsa.

Afiniki ta ce za ta zauna kusa da ni a mota. Na ce ta zauna ta dama.